Tayar laka ko ta kwalta? Shawara kan Hilux mai shiga fadama

Abu Na-Suru: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Tayoyin Hilux ɗina duka huɗu sun cinye, ga damina ta kankama. Zirga-zirgata tsakanin Birnin Kebbi ne da gona a fadamar Suru, wani lokaci in kai kaya Jega ko Argungu. Bara sau uku tana kafe mini a hanyar gona, na ƙarshen sai da aka kawo tarakta. Wani ya ce in sa masu manyan haƙoran nan, MT, wato tayar laka. Wani kuma ya ce kwalta za ta cinye su kafin kaka. Lambar da ke jikin nawa 265/65 R17. Me kuka gani?

Ɗan Kabi: Wa'alaikumus salam. Sa MT ka huta.

Sani Kalgo: AT dai, mai raba ƙafa tsakanin kwalta da burji. MT ƙara gare ta.

Ɗan Kabi: Ƙara ta fi kwana cikin laka.

Malam Bala Makanike: Wa'alaikumus salam Alhaji Abu. Kafin kowa ya zaɓa maka, cikin tafiya goma da motar nan ke yi, nawa ne kan kwalta, nawa ne cikin laka? Kuma me kake ɗora mata?

Abu Na-Suru: Gaskiya Malam Bala, kwalta ta fi yawa nesa ba kusa ba. Daga Birni ta Kalgo zuwa Bunza duk kwalta ce. Wurin da ke ba ni wahala bai fi kilomita shida ko bakwai ba, daga inda ake sauka titi zuwa bakin gona. Kaya kuwa taki ne yanzu, da kaka kuma shanshera.

Ɗan Kabi: To ai waɗannan kilomita bakwai ɗin su ne tafiyar. Sauran ko Starlet ta yi su.

Mai Albasa: Salamu alaikum. Abu, tsaya ka ji abin da yas same ni, in ya so ka yi abin da Allah ya nuhe ka da shi.

Bayan ambaliyar 2020, wadda tac cinye shinkafar mutane a jihag ga, hanyar gonarmu ta lalace ƙwarai. Da daminar 2021 ta matso sai nac ce ba ni sake shan wahalar bara. Nat tahi wajen wani mai sai da taya, ba ni hwaɗin sunanai, yan nuna min MT guda huɗu 'yan Beljiyam, haƙoransu kamar ba su taɓa taka ƙasa ba. Na sa yatsa cikin zanen, ya nutse har gaɓa. Kuɗinsu duka huɗu bai kai na sababbi biyu ba. Nac ce Allah ya yanke min wahala. Ban duba komai ba, haƙori ɗai na duba.

Kuma gaskiya ɗaya ce, daminar nan tayoyin sun yi aiki. Inda motocin mutane ke tsayawa a sauke kaya a ɗora ma amalanke, ni wucewa nikai. Har na jawo mutum biyu da igiya. Na zan gwani a garinmu, kowa ina ka samo tayag ga.

Da ruwa ya ɗauke anka koma kan kwalta sai labari ya sake. Na hwarko ƙara. Daga gudu 70 zuwa sama sai ka ji kamar jirgi na binka a baya, ba ka jin rediyo, ba ka jin mai magana da kai. Na biyu mai, tankin da nis saba zuwa Sakkwato in dawo da saura, yanzu sai na ƙara a Tambuwal. Duk wannan na haƙura.

Ran da abin zai hwaru cikin watan huɗu ne, kun san zahin Afrilu a nan, kwalta har wani ƙyalli takai. Na loda albasa daga Aliero za ni Yawuri, kuma ban ɓoye muku, na yi mata lodi fiye da ƙima. Mun wuce Jega, mun wuce Koko, ina kan ɗari da wani abu, sai na ji kamar an harba bindiga. Tayar baya ta dama. Ba hudawa ta yi ba, ɓarewa ta yi, fatar saman ta kware gaba ɗai ta naɗe a ƙasan bodi. Motar ta kwashe ni ta yi daji. Allah ya taƙaita ba mu kihe ba, amma yaron da ke bayan mota ya hwaɗo ya karye a hannu, albasa kuwa ta watse har mutanen ƙauye na taya mu tsinta.

Mai facin da ya zo ya cire ta, yaro ƙarami wallahi, shi ya nuna min. Ya ce Baba dubi nan. Wasu lambobi huɗu a gefen taya cikin ɗan zagaye, 1413. Ya ce sati na 14 na shekarar 2013 anka yi ta. Taya mai shekara tara nike ta gudu da ita da lodi cikin rana. Haƙorin sabo, robar ta mutu. Da munka duba sauran ukun, duk gefensu ya yi tsattsage ƙanana kamar ƙahwar da ta sha hunturu.

Don haka ni ban ce MT ba ta da kyau ba. Na ce kar araha ta ja ka, kuma ka duba lambag ga kahin ka ba da ko sisi.

Sani Kalgo: Innalillahi. Allah ya kiyaye gaba Alhaji.

Hajiya Mai Shinkafa: Subhanallahi. Yaron ya warke dai ko?

Mai Albasa: Ya warke sarai Hajiya, har ya yi aure.

Ɗan Kabi: Ai in dai karaya ce mutumin Aliero bai da asara, gida ya kai shi aka ɗora. Ƙila ma da ragi aka yi masa.

Mai Albasa: Kai Ɗan Kabi, ran da kifi ya maƙale maka a wuya za mu ga inda za a kai ka.

Ɗan Kabi: Kifi bai maƙale wa Bakabe, Baba. A Matan Fada aka yanke mana cibi.

Malam Bala Makanike: Abin da Alhaji ya faɗa shi ne kullum nake fama da mutane a kai a gareji. Lambobi biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara. 'Yan Road Safety cewa suke wa'adin taya shekara huɗu ne daga ranar da aka yi ta. Ko sabuwa ce fil a leda, ka duba, don akwai wadda ta shekara uku a shago rana na dukanta. Kuma a kula, akwai masu bin tsohuwar taya da wuƙa mai zafi su ƙara zurfin zanen, su shafa mata baƙin mai ta yi ƙyalli. In ka ga zanen bai yi daidai da juna ba, wani wuri faɗi wani wuri siriri, ajiye ta.

Injiniya: Bari in ɗan yi bayani don Alhaji Abu ya san abin da yake saya. Kashi uku ne. HT ta kwalta ce zalla. AT ta raba ƙafa, kwalta da burji da ɗan yashi. MT ta laka ce. Bambancin ba a girman haƙori kaɗai yake ba, a faɗin ramin da ke tsakanin haƙoran yake. Lakar fadama irin ta Suru da Bunza baƙa ce mai danƙo. In AT ta shiga, juyi biyu uku lakar ta cike zanen, taya ta koma sumul kamar gindin tukunya, sai ta yi ta juyawa wuri ɗaya. MT kuwa da yake ramukan na da faɗi, in ta juya sai ta watsar da lakar, haƙorin ya sake cizo. Shi ke nan sirrin.

Amma wannan faɗin ramin shi ne aibinta a titi. Robar da ke taɓa kwalta kaɗan ce, kuma yawancinsu ba su da ƙananan tsagar nan da ke taimaka wa taya ta kama jiƙaƙƙen titi. Ranar da aka yi ruwa ka taka birki da ƙarfi, za ka ga ta ƙara maka tafiya kafin ta tsaya, musamman in bayan motar ba kaya. Mutane na ɗauka tunda tayar damina ce ta fi kyau a ruwa. A laka ne ta fi, ba a kwalta mai ruwa ba.

Sai lambar da ke bayan girman. Za ka ga an rubuta kamar 112S ko 120Q. 112 na nufin kowace taya na ɗaukar kilo 1,120, 120 kuma kilo 1,400. Harafin na gudu ne, S kilomita 180 a awa, Q 160. Mai ɗaukar taki da shanshera ya nemi ta ɗaukar kaya, wadda aka rubuta LT a gaban lambarta, mai 8PR ko 10PR, gefenta ya fi kauri, kututture da ƙaya ba sa saurin yaga ta.

Ɗan Kabi: An fara lacca. Wa ke da biro?

Sani Kalgo: Ƙyale shi Injiniya, ci gaba, muna ƙaruwa.

Injiniya: Na gama ai. Abu ɗaya kawai, ƙarfin taya ba ya ƙara wa mota ƙarfin ɗauka. Hilux abin da aka yi ta ta ɗauka bai wuce tan ɗaya ba, har da mutanen ciki. Buhun taki kilo 50 ne, kowa ya yi lissafinsa.

Mai Albasa: Da ni kake, na ji.

Injiniya: Haba Baba, ni na isa?

Hajiya Mai Shinkafa: Ni dai ba tuƙi nake ba, amma ni ke biyan kuɗin mai da na taya, don haka ina da ta cewa. Motoci biyu gare mu masu zagayen ƙauyuka sayen shanshera. Direbana ya dame ni sai an sa masa MT, wai don aiki. Na sa masa a ɗaya. Daga baya na gane kwalliya yake so, don a ce motarsa ta yi kama da ta sojoji. Lokacin da muke aikinmu daga kaka ne zuwa rani, ƙasa a bushe, ina lakar take? Ita mai MT ɗin kullum ta fi 'yar'uwarta shan mai a tafiya iri ɗaya, kuma tun da aka cire tallafi a 2023 ba wanda zai ce maka wannan ƙaramin abu ne. Ni da na shiga motar zuwa Sakkwato da ciwon kai na sauka. Da suka cinye AT na mayar, ya yi fushin sati ɗaya ya huce.

Ɗan Kabi: Hajiya ke da rani kike shiga. Abu da Agusta yake shiga. Ba ɗaya ba ne.

Hajiya Mai Shinkafa: Na sani ƙanena. Ina dai gaya masa ya san wata tara zai yi yana biyan kuɗin wata uku.

Bazabarme: Mu nan wajen Kamba da Kangiwa yashi ne matsalarmu. MT a rairayi haƙa take, kana ba ta wuta tana binne kanta har difaranshal ya zauna. AT da rage iska ta fi mana.

Sani Kalgo: Rage ta zuwa nawa?

Bazabarme: Ni 18 zuwa 20 a gejin iska nake sa wa in zan shiga. Amma da ka hau kwalta ka nemi mai faci na farko ka mayar. In ka yi gudu da ita a haka zafi take ɗauka ta fashe.

Malam Bala Makanike: Wannan gaskiya ne, kuma ko a laka yana taimako. Matsalar mutanenmu akasin haka ce. Mai faci zai dunƙule hannu ya bugi taya ya ce ta yi, ka auna ka ga 55 ko 60. Taya ta yi tauri kamar dutse, tsakiyarta kaɗai ke taka ƙasa, ga tsalle, ga cin shakazoba, a laka kuma ba ta kama komai. Ku buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai takarda da kamfani ya manna, ta faɗi iskar da za a sa in ba kaya da in da kaya. Geji ɗan ƙarami ku saya ku ajiye a mota, bai kai kuɗin faci uku ba. Kuma da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi.

Nura Taki: Akwai Urea da NPK a ƙasa, farashi mai sauƙi, a tuntuɓe ni ta bayan fage.

Shugaban Zaure: Malam Nura, mun yi magana kan talla. Ranar Asabar ce ranar talla. A goge don Allah.

Nura Taki: Afuwan ranka ya daɗe. Na ga ana maganar taki ne.

Ɗan Kabi: Ko gaisuwar mutuwa aka ambaci gona Nura zai kawo Urea.

Abu Na-Suru: Na gode ƙwarai jama'a. To wane kamfani? An nuna mini Comforser da Roadcruza, an kuma nuna mini Maxxis. BFGoodrich na ji kuɗinta na fita da baya.

Sani Kalgo: In da hali KO2 ta BFGoodrich, ka manta da maganar taya na shekaru. AT ce amma gefenta na da haƙori.

Ɗan Kabi: Kuɗin KO2 ɗaya ya saya maka 'yar China biyu da canji. Comforser CF3000 gare ni, damina biyu ke nan, ko faci ban yi ba.

Sani Kalgo: Damina biyu kana zuwa ina? Daga gida zuwa bakin gulbi?

Ɗan Kabi: Har Zuru na je da ita.

Sani Kalgo: Sau ɗaya, ɗaurin aure. Muna tare ai. Tun daga Koko muke ihu a mota kamar kurame.

Bawa Zuru: Tunda an ambaci garinmu. Mu nan dutse ne da tsakuwa da jar ƙasa mai santsi in an yi ruwa. 'Yar China mai arha haƙoranta guntulewa suke a kan dutse, ka ga taya kamar ɓera ya ci. Maxxis Bighorn na yi amfani da ita, ta jure, sai dai ita ma tana kuka in ta fara cinyewa. Amma ba duka 'yan China ne banza ba, suna da daraja hawa-hawa kamar atamfa.

Ɗan Kabi: Yauwa Bawa, faɗa musu. Wayar da Sani ke rubutu da ita ma daga ina take?

Sani Kalgo: Waya in ta mutu a aljihu take mutuwa, ba a kan ɗari da ashirin ba.

Injiniya: Kukan da Bawa ya ce yana ƙaruwa, rashin juya tayoyi ne ke jawo yawancinsa. Haƙoran MT ba sa cinyewa daidai, gefe ɗaya na kowane haƙori ke riga ɗayan, ka shafa hannu ka ji kamar zarto. Duk kilomita 8,000 zuwa 10,000 a sauya musu wuri, na gaba su koma baya, a yi balansin da alaimen. Sai dai a duba, wasu MT ɗin suna da kibiya a gefe mai nuna inda za su juya, irin waɗannan ba a kai ta dama hagu.

Sani Kalgo: Ni tambayata, in ya sa mafi girma fa? 265/70 maimakon 65, motar ta ɗan ƙara tashi.

Injiniya: Za ta ɗaga da kamar santimita ɗaya da ɗan wani abu, ba yawa. Tsayin tayar gaba ɗaya zai tashi daga milimita 776 zuwa 803. Agogon gudu zai riƙa yi maka ƙarya kaɗan, yana nuna 100 kana kan 103. Kuma tana iya gogar roba in ka karya sitiyari duka da kaya. Safaya ma sai ka canza ta ta zama girmansu ɗaya, in ba haka ba ranar da ka sa ta ka shiga giyar taimako, mai sa tayoyi huɗu su ja, ka jawo wa kanka aiki.

Kawu Manu: Ku yara kuna ta lissafi. Mu da munka yi tuƙin Land Rover a hanyoyin ga tun ba kwalta, siririyar taya muka sa wa, 7.50-16. Ita ka yanka laka ta iske ƙasa mai ƙarhi a ƙasa. Wagga mai hwaɗi da kuke so bisa laka takan hau ta yi ta sulɓi. Kuma ba mu tahiya sai da shebur da igiya da katako biyu a baya. Direban da ya san hanya ya hi taya.

Malam Bala Makanike: Kawu ya faɗi gaskiya, in akwai ƙasa mai ƙarfi a ƙarƙashi. Amma akwai wuri a fadama da in ka yanka ba abin da za ka iske sai wata lakar.

Kawu Manu: Irin wannan wuri ba a shiga da mota, ɗana. Shanu anka yi ma shi.

Ɗan Kabi: Shawara ta fito. Abu ya sayar da Hilux ya sayi bijimai biyu. Ba balansin, ba alaimen.

Hajiya Mai Shinkafa: Ka san kuɗin bijimi yanzu kuwa?

Mai Albasa: Su ma sai ka duba shekarar da anka yi su.

Sani Kalgo: Ni fa abin da wani maƙwabcina ke yi ya burge ni. Wili huɗu ya saya daban na ƙarfe, 'yan gwanjo, ya ɗaura musu MT. Daga Yuli zuwa ƙarshen Satumba su ke kan mota. Ruwa na ɗaukewa ya cire ya jingine su a ɗaki inda rana ba ta taɓa su, ya mayar da na kwalta.

Hajiya Mai Shinkafa: Wannan dabara ce, ga mai kuɗin taya takwas.

Injiniya: Amma ya tuna shekarunsu na tafiya ko suna ɗaki.

Ɗan Kabi: To ya sa MT biyu a baya, AT biyu a gaba. Rabin kuɗi, rabin ƙara.

Malam Bala Makanike: A'a. A motar da ke ja da baya kaɗai ana yi, ban ce yana da kyau ba amma ana yi. A mai ja da huɗu kuwa, ko lambarsu ɗaya tsayinsu ba ya zama daidai, zurfin haƙori ya bambanta. In ka sa giyar taimako gaba da baya za su riƙa jayayya, giyabos ɗin taimakon ne zai biya. Kuma ranar ruwa a kwalta gaba ya kama baya ya sulɓe, ka ga mota ta juyo tana kallon inda ta fito.

Af, na tuna. Alhaji Abu, ba motarka ce aka kawo mini bara da kaka ba, fara mai lambar Abuja? Wadda na ce a sayo abin da ke haɗa tayoyin gaba, yaronka ya ce sai an sayar da shinkafa?

Abu Na-Suru: Ita ce Malam Bala.

Malam Bala Makanike: An gyara a wani wuri?

Abu Na-Suru: Gaskiya ba a gyara ba. Fitilar na kamawa in na sa giyar taimako, na ɗauka tana shiga.

Malam Bala Makanike: Fitila daban, shiga daban. Ranar da ka kafe, tayoyin gaba sun juya?

Abu Na-Suru: Yanzu da ka faɗa, yaran da suka tura sun ce na baya kaɗai ke watsa musu laka.

Ɗan Kabi: La'ilaha illallahu. Tun safe muke faɗa kan haƙori ashe motar gurguwa ce.

Sani Kalgo: Hahaha wallahi Alhaji ka ɓata mana data.

Bawa Zuru: Da cinyayyun tayoyi, da ja biyu, a fadamar Suru cikin Agusta, kuma sau uku kaɗai ka kafe? Ai kai gwani ne.

Kawu Manu: Mi nac ce muku? Direba.

Malam Bala Makanike: Kawo ta gobe da safe kafin rana ta yi, mu ɗaga ta mu gani. In abin da na gani bara ne, bai kai kuɗin taya ɗaya ba. Ka gyara wannan tukuna. Ni a ganina da ja huɗu mai aiki da sabuwar AT mai LT, ka rage iska in za ka sauka titi, kilomita bakwai ɗin nan za ka wuce su yawancin ranaku. Ranar da aka kwana ana ruwa kuma ka bari sai la'asar. Kuma da ka hau kwalta busasshiya ka fitar da ita daga taimako, kar ka biyo ta da shi har Kalgo.

Ɗan Kabi: Ni dai ina nan kan bakana. Ya gyara, ya kuma sa MT. Yawancin ranaku ba kullum ba ne, kuma taki ba ya jiran ƙasa ta sha iska.

Hajiya Mai Shinkafa: Kai za ka riƙa zuba masa mai?

Ɗan Kabi: In zai riƙa ba ni buhu biyu da kaka.

Mai Albasa: Ko wace ka saya dai ka duba lambobin nan huɗu. Ka sa mai shagon ya juyo maka kowace ɗaya, don gehe guda ɗai ake rubuta su.

Bazabarme: Sani, wilin ƙarfen nan na maƙwabcinka, mai rami shida ne? A Birni ya samu ko sai Sakkwato?

Sani Kalgo: Shida ne. Bari in tambaye shi in ya dawo masallaci.

Abu Na-Suru: Malam Bala ƙarfe nawa kake buɗewa?

Malam Bala Makanike: Takwas. Ka zo da safayar ma in gan ta.

Abu Na-Suru: Safayar tana gona, mun tokare injin ban ruwa da ita.

Nura Taki: Shugaba, gobe ce Asabar ko?